Wa ya taɓa haɗa ƙaramin samfurin tankar yaƙi ta Maus da hannu?

Ɗan Zariya 2:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tun muna yara muke yin motar kara da ta gwangwani a nan Maradi, yanzu kuma abin ya dawo mini, so nake in haɗa ƙaramin samfurin tankar yaƙin nan ta Jamus mai suna Maus. Na ga wadda kamfanin Takom ke saidawa a kwali amma kuɗin kawowa ya fi ƙarfina wallahi, don haka da kwali da gwangwani zan yi. Wane awo zan bi? Kuma wai an ƙera ta da gaske ko a takarda ta tsaya?

Mai Walda:
Wa alaikumus salam ƙanena. An ƙera ta mana, injiniya Ferdinand Porsche ne ya tsara ta, gangar jiki 2 aka gama, ɗaya a ƙarshen 1943 ɗaya a 1944, nauyinta tan 188. Tsawonta ya ɗan haura mita 10, in ka bi awon 1/35, wato ka raba kowane awo gida 35, zai ba ka wajen santimita 29, faɗi kuma 10 da rabi. Kada ka yi 1/72, santimita 14 kawai za ta fito, tayoyin za su wahal da kai don 24 ne kowane gefe. Sa'arka ɗaya, sulken gefe ya sauko ya rufe rabin sarƙar da tayoyin ke birgima a kanta, wanda ido zai gani kaɗai za ka yanka.

Malam na lakwal:
Ni abin da ke taɓa ni game da ita shi ne yadda nauyin ya zame mata bala'i, gada ba ta ɗaukarta, sai suka ce to ta bi ta ƙarƙashin ruwa da bututun shaƙar iska, wata Maus ɗin na tsaye a bakin kogi tana ba ta wuta ta waya, don injinta janareta yake juyawa shi kuma ya ba injinan lantarki wuta su ja sarƙa. Wadda ke gidan tarihi na Kubinka a Rasha ma haɗi ce, jikin ta farko aka ɗora wa kan ta biyu, wato ɓangaren sama mai ɗauke da bindiga. Hotunanta ka nema, da su za ka ga ɗinkin waldar sosai.

Mai Walda:
Gaskiya ne Malam. Kuma kar ka yi fenti a waje yanzu da hazon nan, na yi wa wata ƙaramar kaminyo fenti a tsakar gida, kafin ya bushe ƙura ta manne ta zama kamar sanfefa, sai da na kankare duka. Bakin bindigar mai milimita 128, bututun biro ya isa.

Ɗan Zariya 2:
Na gode ƙwarai yaya, Malam Allah ya ƙara sani. Sarƙar fa? Faɗinta mita 1.1 na gani, kenan santimita 3, ina tunanin in yanka tsohon tib na babur in manna tsinken ashana a kai ɗaya bayan ɗaya. Gobe in sha Allah zan shiga babbar kasuwa neman kwali mai kauri.