Waya ce ta jefa matanmu cikin ciwon damuwa, ko dama ciwon yana cikin gida?

Baffa Sule: Assalamu alaikum. Ina da magana, wanda zai ji haushi ya ji. Wannan ciwon damuwa da ake ta cewa ya addabi mata yanzu, waya ce ta kawo shi, ba wani abu ba. Yarinya ta kwana tana kallon matan Instagram da TikTok, kowacce fara sol, hanci har baka, babu ko ɗigon ƙurji a fuska. Gari ya waye ta dubi madubi ta ji duniya ta yi mata zafi. Iyayenmu mata sun yi daka, sun yi surfe, sun haifi goma, ba mu taɓa jin an kai ɗaya asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ba. A karɓe manyan wayoyi daga hannun 'yan mata har sai sun yi aure, ku ga in ba a samu sauƙi ba.

Goggo Asabe: Wa alaikumus salam. Sule, kai ne dai ba ka ji ba, mu da muke cikin gida mun gani. Muna yara a Tudun Wada akwai wata maƙociyarmu, tun da ta haihu ta daina magana, ta daina wanka, jaririn ma sai an ɗora mata shi a cinya. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Wace waya gare ta? Ko talabijin babu a layin namu.

Baffa Sule: Yaya, wannan ai ɗaya ce cikin dubu. Yanzu kuwa gida-gida ne.

Sista Hauwa: Baffa, Allah ya ƙara girma, ka yi mini izini in sa baki, tunda kullum ina tare da masu awon ciki da masu jego. Abin da Goggo ta kwatanta har gobe muna ganin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mace 10 cikin kowace 100 masu ciki ko sabbin haihuwa suna fama da wannan ciwo, kuma ko'ina a duniya ya fi kama mata a kan maza, da kusan rabi. Dalilan suna da yawa: sauyin da jiki ke yi lokacin ciki da bayan haihuwa, gado, duka da cin mutunci a gidan aure, talauci, mutuwar ɗa, rashin barci. Kuma mu bambance shi da ɓacin ran yini ɗaya. Idan mace ta yi mako biyu ko fiye kusan kullum ranta a jagule, abin da take so a da ya fita daga ranta, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ya ƙi ciwuwa, tana jin ba ta da amfanin komai, har wani lokaci ta fara cewa gara ta mutu, to wannan ciwo ne. Abin da ya ƙaru a zamaninmu, har da cewa yanzu mata suna faɗa.

Kabiru: Sista, ban ƙi taki ba, amma kada a wanke waya tas. Ina bayan Baffa, kuma da hujja. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, mai suna Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, har ta je gaban majalisar dattawan Amurka. A cikin binciken da su da kansu suka yi, kashi 32 cikin 100 na 'yan mata sun ce idan suna jin ba su gamsu da jikinsu ba, Instagram ƙara dagula musu lissafi yake yi. Masu abin ne suka gano haka suka yi shiru.

Ga kuma labarin Fiji, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, wanda ya fi kama da namu. Can ma a al'adarsu mace mai jiki ita ce mace, rama abin a tambayi lafiya ne. Talabijin ya shiga wani yankinsu a 1995, da finafinan Turawa. Wata likitar Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta bincika 'yan matan makaranta a lokacin, babu ko ɗaya da ke ƙaƙaro amai don ta rame. Da aka koma a 1998, kusan 11 cikin 100 suna yi. Shekara uku kacal. Talabijin ke nan, wanda ake kashewa a kwanta. Ina ga wanda ke ƙarƙashin filo?

Baffa Sule: Allah ya yi maka albarka, Kabiru. To ku ji.

Zainab: Ni ma a nan ina tare da Baffa rabi. Ku ba ku ga abin da nake gani a wajen kwalliyar amare ba. A da mace hoton wata 'yar fim take kawo mini ta ce haka nake so. Yanzu hoton kanta take nuna mini, wanda filta ya siranta mata hanci, ya ƙara mata ido, ya goge duk wani tabo, ta ce Zainab haka za ki mayar da ni. Wata amarya daga Malali, kyakkyawa wankan tarwaɗa, na gama mata tsaf, ƙawaye suna ta guɗa. Ta ɗaga waya ta ɗauki kanta ba filta, ta kalla, sai hawaye. Na sake gyara mata ido, mai hoto yana jira a tsakar gida, ita kuwa sharaɗinta ɗaya: kada ya saki hoto ko ɗaya sai ya ƙara mata haske. Wallahi ranar jikina ya yi sanyi.

Yaya Aminu: Kabiru, tsaya. Binciken Fiji a kan cutar ƙin cin abinci ne, ba ciwon damuwa ba, kuma 'yan matan da aka tambaya ba su da yawa. Na Facebook kuma karanta shi da kyau: waɗanda dama suke jin ba daɗi ne abin ya ƙara wa. Wato ya tarar da rauni ne ya fama.

Bari in ba ku lissafin da ya fi kusa da mu. Tun 2011 wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa man ƙara hasken fata. A 2011 Instagram shekararsa ɗaya da fitowa, bai ma sauka a wayoyin Android ba sai 2012, TikTok kuwa babu labarinsa. To wa ya koya wa waɗancan matan cewa baƙar fata aibi ce?

Anti Rabi: Yauwa Aminu, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Mu daina raina wa kanmu hankali. "Farar mace alkyabbar mata" a TikTok aka ƙirƙiro ta? Yaro ya ce ya samu mata, tambayar farko da dangi ke yi ita ce 'yar gidan waye, ta biyu fara ce? A kai amarya, tsofaffi su buɗe mayafi, su fito tsakar gida ana ƙus-ƙus, wai ango bai iya zaɓe ba. Yarinya tana da shekara shida ake kiran ta Baƙa, ana kiran ƙanwarta Baturiya, a gaban baƙi. Har uwa na sani da ke haɗa wa 'yarta 'yar firamare mai, wai kada a raina ta a cikin 'yan'uba.

Sannan maza. Wata ƙawata a Unguwar Dosa, haihuwarta ta huɗu, ko arba'in ba ta yi ba, maigidan ya miƙa mata waya ya ce dubi matan mutane. Ba ta da Instagram, ba ta taɓa buɗewa ba. A wayarsa ta ga matar. Baffa, in za a karɓe waya, ta wa za a fara karɓewa?

Baffa Sule: Rabi, kin fara ke nan. Komai aka ce sai ki juyo da shi kan maza.

Kabiru: Anti, gaskiya mafi yawan maza ba su ce a yi bilicin ba. Mata ne ke gasa da junansu a gidan biki. Ni ban taɓa jin namijin da ya ce yana son gwiwa baƙa fuska ja ba.

Anti Rabi: Ba ka faɗa da baki, Kabiru. Amma in an tashi ƙaro ta biyu, wace iri ake ƙarowa? Uwargida tana da ido.

Yaya Aminu: Akwai abin da ba a kawo ba, kuma shi ya fi damu na a matsayina na mai harhaɗa magunguna. Mu nan matsin namu biyu ne: ki yi fari, kuma ki yi jiki. Turawa rama suke nema, mu ciko. Shi ya sa 'yan mata ke zuwa neman sha-ka-fashe, wanda yawanci deksa ne, ko maganin mura da ƙaiƙayi mai buɗe ciki. Deksa maganin asma da kumburi ne, mai ƙarfi. Ƙibar da yake sawa kumburin fuska ne da tara kitse a ciki da doron wuya, yana kuma jawo hawan jini da ciwon suga. Abin da mutane ba su sani ba, yana taɓa yanayin rai: rashin barci, saurin fushi, har da ciwon damuwar kansa. Haka sinadarin makuri da ke cikin wasu mayuka da sabulan bilicin, ban da lalata ƙoda, an lissafa fargaba da ciwon damuwa cikin illolinsa. Shi ya sa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta haramta shi a kayan shafa, kuma a 2023 shugabarta, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce lamarin bilicin ya kai matsayin a ɗauke shi da gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Amma ku shiga kasuwa ku ga robobin haɗi marasa suna, ba a rubuta komai a jiki ba, sai dai mai shago ya ce wannan na kwana bakwai ne.

Kun ga ke nan, mace ta shiga shafe-shafe don ranta ba daɗi, abin da take shafawa ya ƙara ɓata ran. In ta daina, fata ta yi duhu fiye da da, ta kasa fita ko suna. Ta koma.

Goggo Asabe: Innalillahi. Mu dai dilka muka sani da kurkum da lalle, a yi wa amarya mako guda ta yi sheƙi, launinta yana nan.

Baffa Sule: Duk wannan dogon bayani, ƙarshensa rashin godiya ne ga Allah. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah ba ya duban surorinku da dukiyoyinku, zukatanku yake duba da ayyukanku. Yarinyar da ta riƙe wannan, wane hoto ne zai hana ta barci?

Sista Hauwa: Baffa, hadisin gaskiya ne, kuma da iyaye da mazaje za su yi aiki da shi kafin su buɗe baki a kan fatar yarinya, da an rage aiki. Amma don Allah kada a gaya wa mai ciwo cewa imaninta ne ya yi rauni. Na ga mahaddaciya da wannan ciwon, tana sallar dare tana kuka, tana ganin ita Allah ya yi fushi da ita. In an ce mata rashin tawakkali ne, an ƙara mata laifi a kan wanda take ɗora wa kanta. Ba ma cewa mai ciwon suga ya bar allura ya ƙara haƙuri. Kuma shi Manzon ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ana warkewa, da zama da ƙwararre a yi magana, wani lokaci da ƙwayoyi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba na waɗanda suka fita tsirara ba ne kawai, akwai masu zuwa su ga likita su koma gida a ranar. Tun Janairun 2023 ma Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Mu ne har yau muke mayar da sunan unguwar abin zagi.

Kabiru: To Sista, a taƙaice waya ba ta da laifi?

Sista Hauwa: Ban ce ba. Tana da shi, babba. Da, in an goranta wa mace a gidan biki, ta dawo gida ta huta har wani bikin. Yanzu babu hutun, gorin yana hannunta har ƙarfe biyun dare, kuma da wadda ake auna ta ba mutum ba ce, gyararren hoto ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ita kaɗai ce. Sau da yawa ma wadda ciwon ya riga ya kama ce ke kwana a kan waya, don barci ya ƙi zuwa. Ka ƙwace wayar, ka bar ta da gorin gida, ka kuma raba ta da ƙawa ɗayar da take gaya wa damuwarta.

Zainab: Kuma Baffa, da wayar nake samun masu kwalliya, da ita nake biyan kuɗin karatuna a KASU, Jami'ar Jihar Kaduna. Ni da za a bi tawa, irin dokar Faransa za a yi. Tun 2017 duk hoton talla da aka gyara surar jikin mai tallar, dole a rubuta cewa an gyara. Masu tallar mai a nan da filta suke ɗaukar "kafin" da "bayan", su ce aikin man ne.

Baffa Sule: Dokar da ta hana makuri ma wa ya bi, balle ta hoto? Ni dai a gidana ba mai riƙe babbar waya sai ta gama sakandare, magana ta ƙare.

Anti Rabi: Wannan gidanka ne, Baffa, ba mai ja da kai. Amma tunda an ce hujja ake so, ga shawara. Kowane namiji a nan ya buɗe TikTok ɗinsa, ya ɗauko mana hoton jerin waɗanda yake bi, ya turo. Mu ƙirga baƙaƙe nawa ne a ciki.

Yaya Aminu: Ni ba ni da TikTok.

Goggo Asabe: Mun ji naka. Kabiru, kai ake jira.