Lambar da aka rubuto wa Halifa daga lakwal

Abdu: Salamu alaikum ƴan uwa. Wata magana ce ta hana ni barci. Jiya Halifa ya dawo daga lakwal da takarda, wai an zo an auna su. An rubuta kilo 22, tsayi santimita 120, can ƙasa kuma IMC, wai lambar da ke nuna rama ko ƙiba, 15,3. Na duba a waya, aka ce duk wanda bai kai 18,5 ba ramamme ne. Yaron da ke tashi da malmalar tuwo biyu, ya yini yana buga ƙwallo har sai an kira magariba! Ni dai na gama yanke hukunci: wannan awo na Turawa ne, da jikinsu suka ƙera shi, bai san ƴaƴan Damagaram ba.

Kawu Sani: Wa alaikumus salam. Yaga takardar, Abdu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mu da aka raina a Birni da fura da gumba wa ya taɓa ɗora mu a sikeli?

Gwaggo Hajiya: Nana ce ke rubuta mini. Ni kam na daɗe ina faɗa, Halifa ya cika rama, ana ƙirga haƙarƙarinsa in ya tuɓe riga. Ku kawo mini shi wata guda ku ga aiki. Dubi Ummi ta wajen Hadiza, tubarkalla, kumatu kamar a taɓa jini ya fito.

Mushe Lawali: Kafin a yaga, bari in duba lissafin. Nauyi ake ɗauka a kilo, a raba shi da tsayi sau tsayi a mita. 1,20 sau 1,20 ya ba da 1,44. A raba 22 da 1,44, ya zama 15,3 in an cike. Wanda ya yi lissafin bai yi kure ba. Inda aka yi kure, Yaya Abdu, a wayarka ne. Wannan 18,5 ɗin, da 25, da 30, iyakokin manya ne. Ka ɗauki rigar Kawu ka sa wa Halifa, ka dawo kana faɗa da tela.

Abdu: To wa ya ƙirƙiro lissafin in ba Bature ba?

Mushe Lawali: Bature ne, ba musu. Adolphe Quetelet, ɗan Beljiyam, masanin lissafi da taurari, a shekarun 1830. Ba likita ba ne ma, neman siffar matsakaicin mutum yake cikin jama'a. Sunan da ake kiran lissafin da shi yau kuma Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa a 1972.

Abdu: Ka ji ko? Da bakinka ka faɗa.

Majo Rabi: Yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙonni. Yaya Abdu, kwantar da hankalinka, Halifa lafiyarsa lau a wannan awo. Shekararsa bakwai ko? A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke cewa OMS, yaro namiji mai shekara bakwai tsakiyar layinsa 15,5 ne. Sai ya sauko ƙasa da kamar 13 ake cewa ya rame, sai ya haura 17 ake fara maganar nauyi ya yi yawa. Ɗanka na zaune a tsakiyar tabarma.

Abin da mutane ba su sani ba, lambar yaro ba ta tsayawa wuri ɗaya. Jariri na tara kitse, kafin ya cika shekara lambarsa ta kai wajen 17. Da ya fara tafiya da guje-guje sai ta dinga sauka, ta kai ƙasa wajen shekara biyar zuwa shida, sannan ta sake hawa a hankali har ya balaga. Halifa bai daɗe da barin gindin kwarin ba, shi ya sa Gwaggo ke ganin haƙarƙari. Ga abin dariya: wannan 18,5 da ta tayar maka da hankali, ga babba ita ce bakin rama, amma ga yaro namiji mai shekara goma ita ce bakin yawan nauyi. Lamba ɗaya, hukunci biyu. In ba a haɗa ta da shekaru da jinsi ba, ba ta ce komai ba.

Kawu Sani: Ƴata, na ji. Amma jadawalin da ƴaƴan wa aka yi shi? Nan ne maganar Abdu take.

Majo Rabi: Na ƴan ƙasa da shekara biyar, Kawu, wanda muke aiki da shi wurin awo, ya fito a 2006. An bi yara sama da 8000 daga 1997 zuwa 2003 a ƙasashe shida: Ghana, Indiya, Oman, Brazil, Norway da Amurka. Yaran da aka shayar da nono, iyayensu na da hali, uwa ba ta shan taba. Da aka jera sakamakon, tsayin ɗan Accra da na ɗan Oslo kusan ɗaya. Wato a ƙananan shekaru, ci da lafiya ne ke raba yara fiye da launin fata.

Mushe Lawali: Ranki ya daɗe, a faɗi sauran. Halifa ya wuce biyar. Jadawalin shekara 5 zuwa 19, na 2007, an gina shi ne a kan tsofaffin alƙaluman yaran Amurka na 1977, aka gyara shi ya haɗu da na 2006. A nan Yaya Abdu na da ƙafar tsayawa.

Abdu: Allah ya yi maka albarka, Mushe. Ashe ban yi ƙarya ba.

Majo Rabi: Haka ne, ban ɓoye ba. Amma Yaya, jadawalin Amurkawan ne ya ce ɗanka lafiya lau. Wa kake ƙara ke nan?

Kawu Sani: Ni ga tawa. Shekara talatin ina hulɗa da Fulani da Buzaye a kasuwannin dabbobi, daga nan har Tanut. Yaransu dogaye ne, ƙafafu kamar na zalɓe, ga ƙarfi, yaro ya bi shanu yini guda bai zauna ba. Ki ɗora shi a sikelinki ki raba da tsayi, na rantse za ki ce yunwa ta kama shi.

Majo Rabi: Wannan kam, Kawu, ka taɓa inda ke ciwo. Masana sun san da shi: mai dogayen ƙafafu da gajeren gangar jiki lambarsa na fitowa ƙasa, ko da yana ƙoshe, don ƙafa ba ta kai gangar jiki nauyi ba. Kuma awon ba ya bambanta tsoka da kitse. Shi ya sa ba ma yanke hukunci da shi kaɗai. Amma kar a mai da wannan mafaka. Na ga ɗan makiyayi da aka ce haka jininsu yake, ashe zawo ya ci shi mako uku.

Ni abin da ke damuna da IMC daban ne, kuma ya fi na ku zafi. Ba ya ganin ciwonmu na nan. A ba ni yaro mai shekara bakwai, tsayi santimita 105, kilo 17. Mushe, buga mana.

Mushe Lawali: 15,4.

Majo Rabi: Kun gani? Daidai da Halifa, har ya ɗara shi kaɗan. Alhali sa'ansa ya kamata ya kai wajen santimita 122, kuma duk wanda bai kai 111 ba a wannan shekarun ya tsumbure. Wannan yaro ya rasa abin da ya rasa tun yana ciki zuwa shekara biyu, tsayi ya ƙi, nauyi ya bi tsayin, sai lissafi ya fito tsaf kamar ba abin da ya faru. Irinsu ne suka cika ƙauyukanmu, jihar Damagaram da ta Maradi su ke gaba a wannan matsala a Nijar. A ba uwarsa takarda mai 15,4 ta koma gida da murna.

Na biyu, kumburi. Yaron da tamowa ta kumbura masa ƙafafu ruwa ne ke ƙara masa nauyi, sikeli kuwa bai san ruwa ba. Babban yatsa za ka danna a bayan ƙafafunsa biyu, ka ƙirga uku, ka ɗaga. In ramin ya zauna, ba sauran lissafi, likita za a nufa a ranar.

Zainabu: Anti Rabi ta faɗi gaskiya. Mu da ke zagayen gida-gida a ƙauyukan Mirya ba sikeli muke ɗauka ba, ɗan zaren awon damtse ne mai launi uku, na yara daga wata 6 zuwa 59. Ƙasa da milimita 115 ja ne, daga nan zuwa 125 rawaya, sama kore. A nan gundumar Mirya ƙungiyoyin kiwon lafiya na ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa uwaye su auna da kansu, kuma abin ya karɓu har wasu ƙasashe suka ɗauka. Akwai wata tsohuwa da ko alif ba ta sani ba, zarenta na rataye a ƙusa kusa da ƙwaryar fura, duk Juma'a sai ta tara jikoki ta naɗa musu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta ga rawaya ba ta jira kowa ba, ta goya yarinya ta hau amalanke. Ita wa zai ce mata ta raba kilo da tsayi sau tsayi?

Mushe Lawali: Sai dai zaren naki ya tsaya a shekara biyar, Zainabu. Ƴan lakwal fa? Da me za a auna su?

Zainabu: Wannan kuma ku da Anti.

Hadiza: Tunda an buɗe zancen, ni ma Ummi an ba ta takarda, na yi shiru ne. Shekara goma cif, kilo 45, tsayi 140. An rubuta 23. Na duba na ga tsakanin 18,5 da 25, na ce alhamdu lillahi.

Majo Rabi: Hadiza, kurenku ɗaya da Yaya Abdu, sai dai naki ta ɗaya gefen ya faɗi. Ga mace mai shekara goma tsakiya 16,6 ne, daga 19 nauyi ya fara yawa, daga 22,6 kuma ana kiransa ƙiba. Ban ce tana da ciwo ba, kar ki firgita. Wasu ƴan mata na tara jiki gab da balaga sannan su miƙe. Amma ina so in gan ta, in ga lambobinta na bara in akwai, mu yi hira kan abin da take ci tsakanin safe da dare.

Gwaggo Hajiya: Oh ni! Yanzu ƙoshin ma ya zama cuta? Rabi, ke da na goya ki, da kika yi ɓul-ɓul wa ya kai ki likita? Mun ga yunwar 2005 da idonmu, mun ga uwaye a layi da yara kamar tsinke. Wanda ya ga wannan ba ya kallon yaro mai jiki ya ce a rage masa.

Majo Rabi: Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki, ba wanda zai rage wa Ummi tuwo. Tuwo da miyar kuka da wake da zogale ba su ne abin tsoro ba. Lemun kwalba ne, da alewa, da biskit, da fanke a ƙofar lakwal, sannan kabu-kabu ya kai ta ya dawo da ita, ta zauna gaban telebijin har isha. Ke a shekarunta sau nawa kike zuwa rijiya? Ki tuna hawan jini da ciwon sukari na gidan nan, kin fi ni sanin su waye.

Gwaggo Hajiya: Lemun ni ke saya mata. Jikata ce.

Hadiza: Ni abin da ya ƙona mini rai ba lambar ba ce. Wai a gaban aji aka dinga kiran suna ana faɗin kilo da ƙarfi. Tun ranar yara ke ce mata Buhu. Shekaranjiya ta ƙi cin abincin dare, ta ce ta ƙoshi, na same ta a ɗaki tana kuka.

Abdu: Subhanallahi. To kun ga abin da nake faɗa, awon nan fitina ne.

Mushe Lawali: Wannan laifin mai kiran suna ne, Yaya, ba na sikeli ba. Da sun rubuta wa kowane uwa layin da ɗanta ya faɗa, suka naɗe takardar, da kai ma ka yi barcinka jiya. Ni zan yi magana a taron iyaye.

Kawu Sani: Har yanzu ban sauka ba. Kun ce sai da shekaru. Yara nawa ne a garin nan ke da takardar haihuwa ta gaskiya? Yaron da ke taya ni a shago, uwarsa cewa ta yi an haife shi shekarar da fara ta ci gero. Wasu kuma an rage musu shekara biyu don a karɓe su lakwal. A wane layi za ki sa su?

Majo Rabi: Nan kam ka kama ni, Kawu. In shekarun ƙarya ne, hukuncin ma ƙarya ne. Ga ƙanana muna da hanyar da ba ta tambayar shekaru, nauyi gwargwadon tsayi, ga kuma zaren Zainabu. Ga manyan yara sai mu yi ta tambayar uwa, kafin azumi ko bayan babbar salla, da damina ko da ɗari, har mu kusanto. Sannan mu sake aunawa bayan wata shida mu ga ko yana hawa, don awo biyu ko uku sun fi ɗaya magana.

Maman Halifa: Ku yi haƙuri in sa baki. Abban Halifa, bakwai ɗin ma ba daidai ba ce. Ga karnensa na asibiti a hannuna, watan gobe zai cika takwas.

Abdu: Takwas? Yaushe?

Majo Rabi: Yaya kenan! A takwas tsakiya 15,7 ne, har yanzu yana daidai. Tsayin ne zan so in sake dubawa, sa'anninsa na wajen 127, shi yana 120, bai faɗa layin damuwa ba amma yana ƙasa-ƙasa. Maman Halifa, ki zo da shi gida ran Asabar da karnen, a cire masa takalmi in auna shi da kaina a jikin bango. Hadiza, ke ma ki taho da Ummi, amma kar ki gaya mata awo za a yi, ki ce lalle za mu sa.

Gwaggo Hajiya: In kun gama ku biyo da su ta wajena, na dama fura da nono mai kyau. Kuma dukansu biyu za su sha.