Yadda ƙwaya ke shiga jini: a taimaka da shawara

'Yar Agege: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina aji uku a fannin harhaɗa magunguna, saura mako uku jarrabawa, kuma darasin yadda maganin sha ke shiga jini ya tsaya mini a wuya. Na haddace lissafin Henderson-Hasselbalch (wanda ke nuna kason magani mai cajin lantarki da marar caji) tsaf, amma da an juya tambaya sai kaina ya ɗaure. Don Allah ta ina zan kama?

Yayan Idi-Araba: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye haddar tukuna. Ɗauki magani ɗaya ki raka shi tun daga baki har hanji. Fara da asfirin, pKa ɗinsa, wato pH (ma'aunin kaifin asid) da rabinsa ke zama mai caji, wajen 3.5 ne. A tumbi, in pH yana 1.5, duk 100 marasa caji 1 ne kawai mai caji, kuma marar cajin ne ke iya ratsa bangon tumbi da hanji mai maiƙo. Da ya gangara ƙaramin hanji, a pH 6.5, sai reshe ya juye da mujiya: 1000 masu caji, 1 marar caji. Ki buga wannan da biro da hannunki, kada ki kwafa.

'Yar Agege: Ke nan a tumbi jiki ke tsotse shi, Yaya?

Yayan Idi-Araba: Nan ne mutane ke faɗawa rami. Duk da lissafin, mafi yawansa a ƙaramin hanji yake shiga jini, don wurin na da faɗi ƙwarai saboda ninke-ninkensa, kuma da ɗan marar cajin ya ratsa jini ya kwashe shi, sai wani ya maye gurbinsa.

Anti Mai Kemis: 'Yata, ni kam a kan kanta na gane wannan karatu. Wata baiwar Allah a Mile 12 aka rubuta mata ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, bayan kwana huɗu ta dawo riƙe da mara, ba sauƙi. Da na bi diddigi, ashe da fura da nono take kora ƙwayar, don kada ta kwana da yunwa. Kalsiyam ɗin nono na damƙe maganin su dunƙule, hanji ya kasa ɗauka. Har yau abin na raina, don ba wanda ya faɗa mata. A sha maganin awa 2 kafin nono, ko awa 6 bayansa. Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, kuwa akasin haka ne: lumefantrine ɗin cikinsa maiƙo yake so, shi ya sa muke cewa a sha da madara ko bayan abinci mai mai. Ki haɗa waɗannan biyu a shafi ɗaya, ki rubuta dalilin kowanne.

Ɗan Obalende: Anti ta gama magana. Ƙari na shi ne narkewa, don ƙwayar da ba ta narke ba ba inda za ta. Lissafin saurin narkewa na Noyes da Whitney na 1897 a teburin mai shayi na fahimce shi: garin sukari na rigan mai ƙwaya narkewa, juya cokali kuma na ƙara masa sauri. Abin da ya sa ake niƙe griseofulvin, maganin makero, ya yi laushi ke nan. In kin samu shiga ɗakin gwaje-gwaje, tsaya kan na'urar narkewa, ruwa mililita 900 a zafin digiri 37, ki zuba wa ƙwayar ido tana farfashewa.

Anti Mai Kemis: Ki kuma tuna da kanwa. Tana kashe kaifin asid ɗin tumbi, maganin ketoconazole kuwa sai da asid yake narkewa.

'Yar Agege: Allah ya saka da alheri. Rukunan nan huɗu da masani Amidon ya raba magunguna fa, su ma sai an haddace?

Yayan Idi-Araba: Na 1995? Tambaya biyu ce kawai: maganin yana narkewa sosai, yana ratsa bangon hanji sosai? Zana murabba'i ki raba huɗu. Metoprolol na rukuni na ɗaya (narkewa da ratsawa duka sosai), ibuprofen na biyu (ratsawa kawai), atenolol na uku (narkewa kawai), furosemide na huɗu (duka biyu kaɗan). Ranar Asabar bayan la'asar muna bita a Idi-Araba, ki taho da kalkuleta da tsofaffin tambayoyi.

'Yar Agege: In sha Allahu zan fito da wuri saboda cunkoson Oshodi. Zan zo da ƙawayena biyu, in da wuri.