Wane suna za mu raɗa wa "chip" da Hausa?

Ƴan uwa masu fassara da masu shirin rediyo a nan Tawa, ina so mu yanke magana a kan ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da ke cikin waya, rediyo da kwamfuta. Masu Ingilishi suna ce masa chip, masu Faransanci puce. Mun aro "fus", amma a bakin mutanenmu fus layin waya ne kawai. Ka ce wa dattijo akwai fus a cikin rediyonsa, zai zaci kira ake yi da ita. Masu gyara da suka koyo sana'a a Sakkwato da Kano kuwa "aisi" (IC, gajeren sunansa na Ingilishi) suke cewa, kuma in ba su ba, ba mai ganewa.

Sai mun san abin da mai ƙirar ya yi kafin mu zaɓi suna. Jack Kilby ne, Ba'amurke, haihuwar 1923. A garin Great Bend na jihar Kansas ya tashi, inda mahaifinsa ke riƙe da wani ƙaramin kamfanin kuran. Ya gama karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Illinois a 1947, ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a Milwaukee, sannan a 1958 ya koma Texas Instruments a birnin Dallas.

Abin da ya addabi injiniyoyi a lokacin shi ne yawan kaya. Taranzista, wato mai buɗe wa kuran hanya da rufe ta, daban ake ƙera ta, mai rage ƙarfin kuran daban, mai tara shi daban, sannan a zauna a bi su ɗaya bayan ɗaya ana liƙa waya da dalma. Na'ura mai kaya dubu goma tana da wuraren liƙi fiye da haka, kuma ɗaya ya saki, duka ta tsaya. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfen liƙi ya san wannan wahala. Da lokacin hutun ma'aikata ya zo a watan Yuli, Kilby sabon ɗauka ne, bai da hutu, sai ya zauna kusan shi kaɗai yana tunani. Abin da ya faɗo masa: tunda duk kayan nan ana iya yin su da abu iri ɗaya, me ya hana a yi su tare a jikin gutsure guda? Ranar 12 ga Satumba 1958 ya nuna wa manyansa ɗan sillen wani sinadari da ake kira jamaniyam, tsawonsa santimita ɗaya da ɗan kaɗan, siraran wayoyi na leƙowa daga jikinsa. Aka ba shi kuran, ya yi aiki.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma adalci ne a faɗa. Robert Noyce na kamfanin Fairchild ya fito da nasa a 1959, da silikon, hanyoyin kuran a shimfiɗe a jikin abin ba tare da wayoyin hannu ba, kuma irin nasa masana'antu suka bi. Noyce ya rasu a 1990, shekara goma kafin a ba Kilby lambar Nobel ta kimiyyar fiziya a 2000. Kilby kuma yana cikin mutum ukun da suka ƙera kalkuleta ta hannu a 1967. Ya rasu a Dallas a 2005.

To, ga sunayen da aka kawo.

Wani malamin lakwal ya ce "ƙwaƙwalwa". Malam, ina ganin girmanka, amma ba duka ne ke lissafi ba. Wani aikinsa daidaita caji ne, wani ƙara sauti. In mun ba su duka wannan suna, ba abin da ya rage wa wanda ke lissafin.

"Ƙuma" fassarar puce ce kai tsaye. Ƙanƙanta kawai ta nuna, kuma ba wanda zai so a ce masa da ƙuma a wayarsa. "Ƙwayar lantarki" ta yi daɗin faɗi, sai dai ta yi kusa da ƙwan lantarki, ga shi a yau ƙwaya ta ɗauki wata ma'ana marar kyau.

Wanda ya fi ba ni wahalar ƙi shi ne "laya", shawarar wata yayata mai fassara. Yaya, gaskiyarki: ƙarama ce, mai kusurwa huɗu, an rufe abin da ke ciki, ba a buɗe ta. Amma ki tuna jita-jitar da ta yaɗu lokacin korona, cewa ana zuba wa mutane wannan abu ta allurar rigakafi. Ranar da rediyo ta ce akwai laya a cikin fasfo, mu da bakinmu mun ƙara wa wannan tsoro ƙarfi. Abu ne da aka yi da ilimi, daga silikon da ake tacewa daga yashi, kuma ina so yaranmu su ji sunansa su san su ma za su iya koyon yin sa.

Ni "dunƙule" na zaɓa, cikakkensa "dunƙulen lantarki". Abin da Kilby ya yi ke nan: abin da ke warwatse ya dunƙule shi wuri guda. Na san za a ce ai dunƙule na miya ne. Ni a wurina wannan taimako ne, don duk mai girki ta san kayan ɗanɗano da yawa ne aka haɗa a ɗan abu guda, ba a kuma raba su. Kalmar tana karɓar ƙari ba gardama: dunƙulen caji, dunƙulen sauti, dunƙulen ajiya, dunƙulen lissafi. Fus kuma ya zauna a kan layin waya inda mutane suka ajiye shi.

Na kai maganar wurin wani mai gyaran waya a kasuwa, na tarar yana ɗaga irin wannan abu da hantsaki bayan ya hura masa iska mai zafi. Ya ce tsakaninsu aisi za su ci gaba da cewa, don da shi suke sayen kaya, amma "dunƙulen cajin ne ya ƙone" zai rage masa dogon bayani da masu kawo gyara. Ƴan Yamai, Maraɗi da Damagaram, in da inda kalmar ke da wata ma'ana da za ta ɓata mana aiki, ku faɗa yanzu kafin mu fara sa ta a shirye-shirye.