Ido ɗaya ya ƙi juyowa ciki, kuma CT bai nuna komai ba

Mai tambaya daga Jidda:
Assalamu alaikum likitoci. Dattijo mai hawan jini da suga ya tashi da asuba yana ganin abu bibbiyu, ga jiri. In ya kalli hagu, idon dama ba ya matsowa wajen hanci, na hagu kuma sai rawa. Hannu da ƙafa lafiya. A ɗawari (sashen gaggawa) an yi CT, wato hoton ƙwaƙwalwa, an ce babu jalɗa (toshewar jijiyar jini). Ciwon ido ne?

Likitan ƙwaƙwalwa, Makka:
Wa alaikumussalam ƴar'uwa. Wannan ba daga ƙwayar ido ba ne, a mayar da shi asibiti yau ɗin nan. A tushen ƙwaƙwalwa akwai siririyar hanya, MLF, mai haɗa jijiya ta 6 da ta 3, masu motsa ido, don idanu su juya tare. Ƙaramin reshen jijiyar basila, mai kai jini tushen ƙwaƙwalwa, in ya toshe a nan, idon ɓangaren da abin ya shafa sai ya kasa shigowa ciki. Yadda kika kwatanta, matsalar tana dama. Ki kawo yatsa a hankali zuwa hancinsa: sau da yawa idon zai bi, domin tsokar lafiyarta ƙalau, saƙo ne ya yanke.

CT ba ya ganin irin wannan, ƙashin ƙeya yana dusashe hoton, tabon kuma bai fi ƙwayar gero ba. Hoton MRI mai DWI, salon da ke nuna sabuwar jalɗa, ake so, shi ma yakan kuskure a awa 24 zuwa 48 na farko. In ya fito fes alhali idon bai gyaru ba, a maimaita.

Ma'aikaciyar jinya, Madina:
Kada a ba shi ruwa ko magani ta baki sai an gwada haɗiyarsa. Tangaɗi, sarƙewa ko lauyewar harshe, a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, nan take. Allurar narka gudan jini yawanci awa 4 da rabi daga farawar ciwon ce iyakarta. Asfirin kuwa likita ne zai sa, ba ƴan gida ba.

Likitan ido, Jidda:
Yaya ta faɗi gaskiya. Kafin ya warware, a rufe ido ɗaya ko a manna tef a gilashin tabarau, ganin biyun zai ɗauke. Ya ajiye tuƙi. Da yawa sukan gyaru cikin makonni ko watanni, shi ya sa ba ma maganar tiyata sai karkacewar ta tsaya cak, aƙalla wata 6.