Kwamfutar tebur ta daskare ta hana shiga: shawarwarin da aka bayar

An nemi shawara kan kwamfutar tebur da ta daskare ta hana shiga. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a fara zare firinta da duk abin da ke jone ta USB, a bar kibod da linzami. A danna maɓallin Caps Lock na kibod. In ɗan haskensa bai amsa ba, na'urar ce ɗungurungum ta tsaya. Sai a cire wuta, a buɗe akwatin, a hure ƙurar da ta toshe fanka, a zare RAM, wato katin ƙwaƙwalwar wucin gadi na kwamfutar, a mayar daram.

Wasu suka ce a kashe kwamfutar sau uku tana tsakiyar tashi, Windows zai kawo shafin gyara, a shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, a cire manhajar da aka saka kwanan nan. Sake ɗora Windows kuwa, ni dai ina roƙon a kwashe fayiloli tukuna, don wataƙila ma'ajiyar bayanan ce ke lalacewa.