Don Allah ku taimaka, furen da Yaya ta bar min yana bushewa

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata ce ta kawo min wannan shukar daga Abuja ranar sunan Sadik, a cinyarta ta riƙo ta har Kaduna don kar ta karye a mota. Bayan wata uku Allah Ya yi mata rasuwa, shi ya sa nake ji da ita haka. Mai sayarwa ya ce sunanta Aechmea fasciata. Ganyenta kamar na abarba, da ratsin fari kamar an barbaɗa toka, furen tsakiya ruwan hoda. Yanzu furen ya koma ruwan ƙasa, ga wasu ƙanana biyu sun tsiro a gindi. Na canza tukunya, na ƙara taki, shiru. Ya zan yi?

Alhaji Mai Lambu: Allah Ya jiƙanta. Hajiya, ba ciwo ba ne. Asalinta Barazil, dangin abarba ce, kuma sau ɗaya take fure a rayuwarta. Daga nan uwar ta riƙa ƙarewa a hankali, ta bar 'ya'ya. Kar ki ɓalle su sai sun kai rabin tsawonta. A can a kan bishiya take zama, saiwar ta riƙo ce, ruwa kuwa ta ramin tsakiyar ganye take sha. Wace ƙasa kika sa mata?

Maman Sadik: Jar ƙasa da kashin shanu, irin wadda na sa wa zogalena, kuma ga shi ya yi kyau.

Anti Rabi: Ni kam ban yarda da tara ruwa a tsakiyar nan ba. Sauro ne ke ƙyanƙyasa a ciki. Bara sau uku autana ya kwanta, maƙwabcinmu ya ƙi gyara kwatarsa, mun kai ƙara wurin mai unguwa har mun gaji.

Alhaji Mai Lambu: A juye ruwan duk mako a zuba sabo, na sama ya fi na burtsatse. Jar ƙasar nan kuwa ita za ta ruɓar da 'ya'yan. Ki sa ɓawon itace da gawayi, ki yanke busasshen furen.

Ummu Hafsa: Ki ɗaure ta cikin leda da tuffa na kwana bakwai, za ta sake fure. Ni haushin masu sayarwa nake ji, tawa ma ba wanda ya gaya min za ta mutu.

Alhaji Mai Lambu: Tuffa tana sa wadda ba ta taɓa fure ba ne ta yi fure. Wannan ta riga ta yi nata.

Maman Sadik: Amma Alhaji, ganyenta har yanzu kore ne shar. Kuma takin nan ba shi da yawa, wallahi ɗan kaɗan na sa. Furen ma ba zan iya sa masa wuƙa ba. Uwar nake so ta rayu, ita Yaya ta riƙo da hannunta. Babu wanda tasa ta taɓa farfaɗowa?